Bayan aikin zuciya, a kiyayi askar wanzami

Babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya takan kumbura daga tushenta, kamar tayar keke da ta yi ƙulu, kuma sau da yawa ba ta ciwo sai ran da ta tsage. Hawan jini na jawo haka. Akwai kuma ciwon gado mai suna Marfan: mutum dogo siriri, zara-zaran yatsu, ƙirji a lotse ko a turo, ido ba ya gani sosai. Shi ya kashe Flo Hyman, 'yar wasan ƙwallon raga ta Amurka, ana tsakiyar wasa a Japan a 1986. Gidan da ke da irin wannan jiki, kuma an taɓa mutuwar fuju'a cikinsu, kada su tsaya a asibitin Urafane ko Tasawa. Su nemi takardar zuwa Maraɗi ko Yamai a yi musu hoton zuciya.

Maganin wannan kumburi aikin tiyata ne, wanda Hugh Bentall da Antony De Bono suka bayyana a Landan a 1968. Ana yanke tushen da ya lalace, a ɗinka bututun roba mai haɗe da sabon murfin zuciya, a mayar da ƙananan jijiyoyi biyu masu ciyar da ita. In an yi shi kan shiri, faɗin jijiyar na wajen santimita 5 zuwa 5 da rabi, mafi yawa suna tashi lafiya. In ta riga ta tsage, sai wanda Allah ya yi wa sauran kwana.

Wahalar tana gida, bayan an sallamo mutum. In murfin na ƙarfe ne, a ɗaki shiru har za ka ji yana ƙas-ƙas kamar agogo, kuma jini na iya daskarewa a kansa ya shanye rabin jiki. Don haka ƙwayar tsinka jini, Sintrom ko warfarin, ta zama ta har abada, tare da awon jini na INR a kai a kai. Mai shan ta kuwa, ƙaho, tsaga ko cire haƙori a kasuwa na iya sa jininsa ya ƙi tsayawa. Kwaɗon zogale da alayyahu suna rage ƙarfin ƙwayar. Ba a hana ci ba, amma kada a cika kwano yau a yi wata ba a taɓa ba. Mace mai shan ta ta shaida wa likita tun kafin ta ɗauki ciki, domin ƙwayar na cutar da ɗan tayi.

Wanda aka yi wa aikin, in zazzaɓi ya ƙi sauka, kada a ce na sauro ne kawai. A ɗauki takardun aikin a nufi likita a ranar.