Yaron Da Ya Zo Da Takardar Wata Ƙasa, Wane Aji Za A Sa Shi?

Bara, sa'ad da aka rarraba mu gwajin koyarwa, ni Allah ya kai ni wata makarantar firamare a Anaca, ba nisa da Titin Bida inda Hausawa suke da masallaci. Ran da na fara shiga aji biyu sai na hangi wani yaro dogo a bencin baya, shekarunsa za su kai goma sha uku, gwiwoyinsa har sun ɗaga teburin. Ba ya magana da kowa, yara kuwa sai dariya suke yi masa. Da aka tashi tara na kira shi, na yi masa Hausa. Sai ya zabura ya ce, "Na'am, Mushe." Jin wannan kalma na gane daga lakwal ya fito, watau makarantar boko ta ƙasar Nijar.

Ashe mutumin Maraɗi ne, ubansa yana sayar da albasa, ya ɗauko shi ya zauna wurinsa. Takardar da ya zo da ita da Faransanci aka rubuta ta, ba wanda ya iya karantawa. Wanda ya yi masa rajista ya ga an sa CM2, ya ga lamba biyu, ya kuma ga yaro ba ya jin Turanci, shi ke nan sai ya tura shi aji biyu. Alhali kuwa CM2 shi ne aji shida, ajin ƙarshe na firamare a can. Watau an mai da yaro baya shekara huɗu saboda haruffa biyu da lamba ɗaya. Tun daga ran nan na shiga tambaya da bincike, abin da na samu kuwa shi ne nake so in faɗa muku, gama da yawa cikinmu za su gamu da irin wannan yaro.

Ku sani dai abin ba yau ya fara ba. Hausawa sun daɗe a ƙasar Gabas. Kasuwar Anaca ta bakin Kwara ta jawo fatake tun da daɗewa, sa'an nan da aka gama hanyar jirgi daga Fatakwal zuwa Inugu a 1916 domin ɗaukar kwal, aka kuma haɗa ta da Arewa ta Makurɗi, sai masu shanu da mahauta da 'yan koli suka yi ta gangarowa. Unguwar da Inyamurai ke kira Ama Hausa a Inugu nan aka haife ni. A shekarun 1950 har wani mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, Malam Umaru Altine, ya zama magajin garin Inugu na farko. A zamanin nan ba sai yaro ya ƙetare iyakar ƙasa ba kafin ya sha wahalar sauya makaranta, domin kowace jiha da irin tsarinta. Firamaren Gabas shekara takwas ce, ta Arewa bakwai, huɗu a ƙarama uku a babba, ta Yamma kuwa shida tun 1955. Kakana ya sha ba mu labarin rikicin 1966, yadda suka gudu Arewa da 'ya'ya ba ko takarda guda, aka yi ta sa yara a aji bisa tsawonsu. Sai da aka fito da tsarin ilmi na ƙasa baki ɗaya a 1977, aka fara aiki da shi sosai a 1982, sa'an nan matakalar ta zama ɗaya: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba. Yanzu yaron da ya taso daga Zariya zuwa Fatakwal ajinsa ba ya ɓata. Wanda ya taso daga Maraɗi ko Damagaram ko Tawa shi ne abin tausayi.

Ga yadda matakalar Nijar take. Firamare shekara shida ce kamar tamu, amma ba a ƙidaya ta daga ɗaya zuwa shida. Sunayen azuzuwan su ne CI, CP, CE1, CE2, CM1, CM2. Wanda ya haddace waɗannan a jere ya gama rabin aikin, gama CI shi ne ajinmu na ɗaya, CE2 na huɗu, CM2 na shida. Bayan firamare sai kwaleji, shekara huɗu, a nan kuwa akwai wani tarko, domin Faransawa daga sama suke ƙidayowa ƙasa. Ajin farko na kwaleji shi ake kira siziyam, ma'anarsa "na shida", daga shi sai na biyar, sai na huɗu, sai na uku, inda ake yin jarrabawar BEPC. To, in uba ya zo ya ce, "Malam, ɗana yana aji shida," kada ka yi hanzarin rubutawa. Tambaye shi tukuna, shida ta firamare ko ta kwaleji? Wanda ke siziyam ya riga ya gama firamare, daidai yake da ɗan JSS1. Bayan kwaleji akwai shekara uku a lise kafin jarrabawar bakaloriya. In ka tara duka za ka ga su shekara goma sha uku suke yi, mu goma sha biyu, don haka a sakandare azuzuwan ba su faɗa daidai da juna ba, sai an gwada yaro.

Maki ma haka. A kwalejinsu bisa ashirin ake ba da maki, goma ita ce cin jarrabawa. Malamin da bai sani ba in ya ga 14 a takarda sai ya ce yaro daƙiƙi ne, alhali 14 bisa 20 saba'in ke nan bisa ɗari. Har yadda suke rubuta lamba ya bambanta: ɗayarsu tana da doguwar ƙafa kamar bakwai ɗinmu, bakwai ɗinsu kuwa ana ja mata layi a tsakiya, inda muke sa ɗigo a lissafi su waƙafi suke sawa. Ni kaina na taɓa soke wa yaron nan lissafi uku da ya yi daidai kafin in lura. Na ji kunya ƙwarai.

Yanzu sai batun takardu. Abin da kowane hedimasta zai nema shi ne takardar barin makaranta daga inda yaro ya fito, da sa hannu da hatimi, da sakamakon jarrabawarsa ta ƙarshe, da takardar haihuwa. Wannan gaskiya ce ko makarantar gwamnati ce, ko ta mishan, ko ta kuɗi. A Gabas kuwa makarantun mishan suna da yawa. Gwamnati ta karɓe su a 1970 bayan yaƙi, amma daga baya aka yi ta mayarwa, a 2011 kaɗai Jihar Anambra ta mayar wa mishan firamare fiye da dubu. Ni a irinsu na yi karatu, ban taɓa ganin an kori yaro don shi Bahaushe ne ba, amma na ga an mai da da yawa don ba takarda. Laifin iyayenmu a nan ba ya ɓoyuwa. Mutum zai tuna da buhunsa da ma'auninsa, ba zai tuna ya biya ta wurin daraktan lakwal ya karɓi takarda ba, sai ya iso Anaca, tafiyar kwana biyu a mota, sa'an nan a ce masa ya koma. Ga shi kuma lokacin buɗe makaranta ba ɗaya ba ne, mu a Satumba muke komawa, su galibi sai Oktoba. Fatake kuwa bayan kaka suke saukowa, lokacin an riga an ci rabin zango.

Akwai wani abu da ake rainawa, shi ne suna. A Nijar da rubutun Faransa ake rubuta sunayenmu: Usman ya zama Ousmane, Yusufu ya zama Issoufou, Abubakar ya zama Aboubacar. Malamin rajista a Fatakwal shi kuma zai rubuta yadda kunnensa ya ji. Yaro ɗaya sai ya tashi da suna uku a takardu uku. A firamare ba wanda zai kula. Amma tun 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da lambar shaidar zama ɗan ƙasa, watau NIN, wadda ake ba 'yan ƙasa da baƙin da ke zaune bisa ƙa'ida, in suna ya saɓa kuwa sai an yi ta zirga-zirga da rantsuwa a kotu. Shawarata ita ce, ran da yaro ya zo, a kwafi sunansa daga takardar haihuwa harafi bayan harafi, ko da rubutun ya yi maka baƙo, kada a sake taɓa shi.

Wanda ya kai babbar sakandare nasa ya fi tsanani. Jarrabawar WAEC da ta NECO suna haɗawa da makin da yaro ya tara a aji tun daga SS1, don haka makaranta ba ta son karɓar baƙo a shekarar ƙarshe. A ƙarshen 2025 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta ba da sanarwa cewa daga shekarar karatu ta 2026/27 an hana karɓar ɗalibi sabo a SS3 sam, don a toshe hanyar masu tsallakawa makarantun da ake satar amsa. Niyyar mai kyau ce, amma ɗan fatake ma ta shafe shi. Wanda zai sauya, ya sauya tun a SS1 ko SS2. Mai takardar bakaloriya da ke son jami'a kuwa, sai ma'aikatar nan ta Abuja ta auna takardarsa tukuna, kuma an ƙara tsanantawa tun Janairun 2024, sa'ad da aka dakatar da duba digirin Binin da Togo bayan wani ɗan jarida ya nuna yadda ake sayensa. Ku tuna kuma Nijar ta fita daga ƙungiyar ECOWAS a Janairun 2025, saboda haka ya kamata uba ya tabbata takardun zamansa da na ɗansa suna nan daidai.

Duk waɗannan dokoki ne na ofis. Abin da ke hannunmu mu malamai shi ne gwaji. Kusan kowace makaranta takan gwada baƙon yaro kafin ta ba shi aji, amma da Turanci ake gwajin, sai ya zama Turancin ake aunawa ba ilmin ba. Yaron da ya iya rabawa da ɓangare, don bai san kalmar Turanci ta "raba" ba sai a ce bai san kome ba. In ba mai jin Faransanci a makarantar, ai ba a rasa mai jin Hausa a unguwar. A yi masa tambaya da Hausa, a ba shi lissafi da lambobi zalla, a ga abin da ya sani. Turanci kuwa yaro mai wayo yakan kama shi cikin 'yan watanni, balle a Fatakwal inda buroka ke ko'ina a titi.

Haka na yi wa nawa yaron. Na rubuta masa lissafin aji shida guda goma a allo, ya ci takwas. Na je kasuwa na sami uban, na ce, "Baba, ɗanka ba ɗan aji biyu ba ne." Ya ce, "Malam, ni ma na ga kamar an rage shi, amma na ce su suka san aikinsu." Ya kuma gaya mini yaron ya fara cewa gara ya tsaya a rumfa ya taya shi ciniki. Washegari muka tafi tare wurin hedimasta, na zana masa matakalar nan biyu a takarda gefe da gefe. Mutumin kirki ne, bai yi gardama ba, amma ya ce aji shida ya yi kusa da jarrabawa, Turancin ba zai ishe shi ba. Aka sa shi aji biyar. Ni dai na so shida, amma da na sake tunani na ga yana da gaskiya. Ina yi masa karatun Turanci rabin sa'a kullum bayan an tashi, har muka gama gwajinmu na dawo kwaleji.