Shanyewar ɓarin jiki a Garou: wa zai yi wa yaro bayani?

Daga Malanville zuwa Parakou tafiyar fiye da kilomita 300 ce, kuma wannan nisa ne ke fara yanke hukunci a kan magidancin da ya yanke jiki ya faɗi a gonar shinkafa ko albasa a Garou, baki ya karkace, hannu da ƙafa suka ƙi motsi. Garou ɗaya ce daga gundumomi biyar na Malanville, a jihar Alibori ta arewacin Jamhuriyar Benin, a kwarin kogin Kwara, tsallaken Gaya. Asibitin yanki da ke Malanville zai karɓi marar lafiya, amma likitocin ƙwaƙwalwa sai an dangana da asibitin koyarwa na Parakou. Allurar da ke narkar da gudan jinin da ya toshe jijiya kuwa galibi ba a yin ta bayan awa huɗu da rabi. Saboda haka da yawa daga waɗanda Allah ya yi wa sauran kwana suna komowa gida da nakasa. A makonnin jinyar nan uwa tana gefen gado, 'yan'uwa suna fafutukar haɗa kuɗi, dangin da ke Gaya kuma tun bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 da rufe gadar kogin sun fi dogaro da kwale-kwale. Yaro ɗan shekara biyar yana tsakar gida, babu wanda ya ce masa ko kala.

Wannan ciwo ba na tsofaffi kaɗai ba ne, kamar yadda ake zato. Binciken SIREN da aka gudanar a asibitocin Najeriya da Ghana, har da na Kano da Zariya, wanda aka wallafa a 2018, ya nuna kusan mutum ɗaya cikin huɗu na waɗanda ciwon ya kama bai kai shekara 50 ba, kuma hawan jini ne babban sanadi. Mai shekara arba'in da 'yan kai a ƙasar nan ai yanzu yake da 'yan ƙanana, wani ma da na goye.

Mu mutane ne masu kawaici, kuma kawaici ado ne. Amma a nan yana cutar da yaro. Abin da aka saba faɗa shi ne "Baba ya yi tafiya" ko "ba komai, je ka yi wasa." Yaro kuwa ya ga an ɗauki mahaifinsa ranga-ranga, ya ga gwaggo tana share hawaye da gefen mayafi, ya ji mata suna raɗa cewa jifa ne, wasu su ce iska ce ta buge shi. Masu nazarin halayyar yara sun daɗe da lura cewa tsakanin shekara uku zuwa bakwai yaro yana ɗaukar tunaninsa da ayyukansa su ne ke haddasa abin da ke faruwa a kewayensa. Idan an aike shi ranar ya ƙi zuwa, ko an yi masa faɗa ya yi fushi a zuci, zai iya ƙullawa cewa shi ya jawo. In kuma ya ji batun jifa, sai ya fara tsoron maƙwabta da duhun dare. Duk gurbin da manya suka bari, yaro zai cike shi da abin da ya fi gaskiyar ban tsoro.

Gaskiyar kuwa ba ta da wuyar faɗa. Wanda yaron ya fi sakewa da shi, kaka ko kawu, ya zaunar da shi ya ce: "Ɗana, Babanka ba shi da lafiya. Hanyar jini ce ta toshe a cikin kansa, shi ya sa hannunsa ba ya ɗaguwa. Ba kai ka jawo ba, ba a kuma ɗauka. Likita yana ba shi magani, mu kuma muna yi masa addu'a." Kada a yi alkawarin zai warke sarai, domin babu wanda ya sani. Zai sake tambaya gobe da jibi. A ba shi amsa iri ɗaya.

Ranar dawowa daga asibiti ta fi kowace rana nauyi, kuma ita ce aka fi sakaci da ita. A faɗa wa yaro tun kafin mota ta tsaya abin da zai gani: baki a karkace, wataƙila yawu na zuba, tafiya sai an riƙe. Idan ɓarin dama ne ya shanye, sau da yawa magana ma ta tafi, saboda a yawancin mutane cibiyar magana tana ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa. Kusan ɗaya cikin uku na masu ciwon suna samun wannan matsala. Uba zai buɗe baki ya kira sunan ɗansa, wani suna ya fito, ko kuma ya kasa gaba ɗaya. Babu abin da ke karya zuciyar yaro irin wannan, sai ya ɗauka an manta da shi. A gaya masa: "Ya san ka, yana jin ka, kalmar ce take maƙale masa." Haka nan wasu sukan fashe da kuka ko dariya ba dalili, wannan ma aikin ciwon ne. In yaro ya noƙe a bakin ƙofa, kada a tura shi ciki da tsawa. Zai shiga da ƙafarsa.

In ya shiga, a ba shi aiki daidai ƙarfinsa: ya kawo buta, ya ƙirga wa Baba sau nawa ya ɗaga hannu lokacin motsa jiki, ya biya masa karatun allonsa. Watanni uku zuwa shida na farko su ne jiki ya fi saurin farfaɗowa, kuma mai jinyar da ɗansa ke zama kusa da shi yana da dalilin ƙoƙartawa. Amma ɗagawa da wanki da kai shi bayan gida aikin manya ne. Ina faɗin haka ne saboda 'ya mace, wadda ita ake fara cirewa daga makaranta a ɗora mata jinya ko tallan kasuwar Malanville. Tun 2006 aka soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati a Benin, kuma aji shi ne wuri guda da bai canza wa yarinyar ba. A je a sanar da malaminta halin da ake ciki, haka ma malamin allo, don kada a bi ta da bulala in ta kasa hadda.

Batun riƙo yana bukatar tunani. Kai yaro gidan inna a Kandi ko Gaya na iya zama dole, kuma rahama ce da muke da dangin da za su karɓa. Abin da ba daidai ba shi ne a ɗauke shi da asuba ba sallama. A faɗa masa inda za shi da dalili, a bar shi ya yi wa mahaifinsa ban kwana, a riƙa haɗa su a waya ko da uban sauraro kawai zai yi. Idan ya koma fitsarin kwance, ko ya daina ci, ko ya liƙe wa uwarsa, damuwa ce ke fita ta nan. Duka zai ƙara ta. In abin ya ɗauki watanni bai lafa ba, a kai shi asibiti.

Wani bincike da Anne Visser-Meily da abokan aikinta suka yi a ƙasar Holan, aka wallafa a 2005, ya gano cewa halin da yara ke shiga bayan ciwon yana da alaƙa sosai da nauyi da damuwar da ke kan wanda ke da lafiya cikin iyayen biyu. A Garou wannan yawanci uwa ce, wadda ba ta barci, ga gona ba mai nomawa, ga bashin asibiti. Masu zuwa dubiya su rage zaman tabarma, su raba kwanakin jinya a tsakaninsu, matasan unguwa su yi gayya su fitar da shinkafar. Ranar da aka kai maigidan awon jini, a auna nata ita ma.