Kyamarar Titi Mai Kama Masu Gudu da Tsallake Danja

Kyamarar titi na'ura ce da ake kafawa a bakin hanya ko a mahaɗa domin ta ɗauki hoton motar da ta wuce ƙa'idar gudu ko ta tsallake jar danja, ba tare da jami'i ya tsaya a wurin ba. Asalinta daga ƙasar Holan ne, inda wani ɗan tseren mota, Maurice Gatsonides, ya ƙera na'urar auna gudu, ya kafa kamfanin Gatsometer a 1958. Birtaniya ta fara kafa irin waɗannan kyamarori a Landan a 1992.

Mai kama gudu tana auna saurin mota ne da rada, ko da wayoyin da aka binne cikin kwalta. Ta danja kuwa a haɗe take da fitilar, ba ta ɗaukar komai sai ja ta kunnu sannan mota ta haye farin layin tsayawa. Daga nan kwamfuta ta karanta lambar motar, ta nemo sunan mai ita a rajista, a tura masa saƙon tara ta waya.

A Nijeriya, Legas ce ta yi nisa. A watan Fabrairun 2025 gwamnatin jihar ta sanar da kafa kyamarorin gudu a Alapere, inda iyaka take kilomita 80 a awa, da titin Mobolaji Bank Anthony, inda take 60. Tarar gudu naira dubu 50 ce, ta tsallake danja dubu 20.

A Zariya kuwa, kula da hanya yana wuyan jami'an KASTLEA, hukumar kula da dokokin hanya ta jihar Kaduna, da 'yan sanda, da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988. Duk wanda ya san titin Sakkwato daga Kwangila zuwa Samaru ya san nauyin da ke kansu. Tireloli da motocin Funtuwa da Gusau suna bin hanya ɗaya da 'yan acaɓa da masu keke, ga ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suna tsallakawa a bakin babbar ƙofa, ga masu talla a gefen kwalta. Ƙa'idar gudu cikin gari kilomita 50 ce, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa idan gudu ya tashi daga 50 zuwa 65, haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙasa da mota ta buge yana ninkuwa fiye da sau huɗu. A irin wannan hanya kyamara za ta yi amfani ƙwarai: ba ta barci, ba ta san ɗan wane ba, ba a yi mata "a yi haƙuri, ranka ya daɗe".

Sai dai kyamara lamba kawai take gani. Babura da yawa a unguwannin Sabon Gari da PZ na Zariya suna yawo babu lamba, wasu kuma tasu ta goge ko ta lanƙwashe. Mota kan bi ta hannun mutum uku ko huɗu takardunta na ɗauke da sunan mai ita na farko, sai tarar ta faɗa kan wanda ya sayar da ita tuntuni. Ga matsalar wuta, domin danjar da ta mutu ba ta da ja balle a kama wanda ya tsallake ta. Dole kuma a samu alluna masu nuna iyakar gudu, da layin da ake gani, da wurin da wanda aka zalunta zai kai kuka a nuna masa hoton.

Idan aka kafa kyamara kafin a gyara rajistar ababen hawa, masu bin doka da suka yi lamba ne kaɗai za su riƙa biyan tara, marasa lamba su wuce abinsu. Gyaran rajista da fitilu masu aiki da hasken rana su ya kamata a fara da su a Zariya, kyamara ta biyo baya.