Haƙƙin Waɗanda Ciwon Daji Ya Taɓa

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, Mai jarraba bayinSa da lafiya da rashinta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, jama'a, a wannan mako za mu yi magana a kan wata cuta wadda ta shiga gidaje da dama a ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum, amma ba a cika son kama sunanta ba, watau ciwon daji, wanda wasu ke kira sankara. Idan ya ɗauke mutum sai a ce ya rasu bayan doguwar jinya, daga nan kuma kowa ya ja bakinsa ya yi shiru. To, wannan shiru yana tauye haƙƙin mutane iri uku: wanda ya rasu, da wanda ya yi jinyarsa, da kuma wanda cutar za ta kama nan gaba.

Mu fara da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Tunawa da su da alheri gado ne a wurinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta yi marsiyya ga ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ya rasu a Wurno cikin 1837, ta kuma yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo. A cikinsu ta bayyana baƙin cikinta, ta lissafa kyawawan halayensu, ta roƙa musu rahama. Mu ma hanyar ke nan. Wanda ya shafe watanni yana fama da raɗaɗi, ya rame har makusantansa suka kasa gane shi, amma bakinsa bai rabu da salati ba, ya cancanci a ba 'ya'yansa labarin haƙurinsa. Ciwon daji ba abin kunya ba ne, ba kuma alamar fushin Allah ba ce. Malamanmu sun karantar da mu cewa wahalar da mumini ya jure kankarar zunubi ce a gare shi.

Sai dai tunawa ba ta tsaya ga sadakar uku da ta bakwai ba. Wannan cuta takan cinye gona da shanu kafin ta ɗauki rai, ta bar bashi a wuyan mamaci. Biyan bashin nan yana gaba da rabon gado, kuma ya fi girke-girken zaman makoki amfani gare shi. Bayan bashi sai riƙon marayunsa, da sada zumunta da aminansa, da yawaita masa addu'a.

Na biyu su ne 'yan jinya, waɗanda aka fi mantawa da su. Mai ciwon daji daga ƙauyukan nan yakan fara da babban asibitin garinsu, a tura shi Gusau, daga can kuma sau da yawa sai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, inda ake da sashen gashi, ko kuma Shika ta Zariya. Wa ke binsa duk wannan tafiya? Matar da ta bar 'ya'yanta a hannun maƙwabta, ko 'yar da ke kwana bisa tabarma a barandar asibiti tana wanke miki da tufafi ba ta ƙyama, ko ƙanen da ya bar gonarsa tsakiyar damina ya ba da jininsa. Ranar ta'aziyya sai a taru a kan manyan gida, su kuwa suna gefe ba mai ce musu sannu. Addininmu ya haɗa godiya ga mutane da godiya ga Allah. Saboda haka mu je mu same su, mu gode musu baki da baki, mu kuma sauke musu wani abu daga nauyin da jinya ta bar musu. Likitoci da ma'aikatan jinya da suka tsaya a kan majinyacinmu, su ma suna da rabo a addu'armu.

Na uku, wanda cutar ba ta riga ta fi ƙarfinsa ba. A nan ne za a gane ko mun ɗauki darasi daga waɗanda muka binne. Da yawa daga cikinsu sun isa asibiti a makare, domin an gaya musu wai daji ba ya son ƙarfe, watau kada a yarda da allura ko aiki, ko kuma an ce sammu ne. Alhali ciwon dajin mama da na bakin mahaifa suna cikin waɗanda ake warkewa idan aka tare su da wuri. Kullutu a mama, da jinin da ke zuwa wa mace bayan ta daina al'ada, da mikin da ya ƙi warkewa, duk abubuwa ne na garzayawa wurin likita. Haka kuma fitsarin jini na tsargiya, wadda yaranmu ke ɗauka wajen wanka a gulbi da fadama: idan ta daɗe ba magani tana iya jawo dajin mafitsara, ga shi kuwa maganinta ƙwayoyi ne masu sauƙin samu. Allurar rigakafin ciwon hanta tana kare jariri daga dajin hanta a girmansa. Tun 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin ƙwayar da ke haddasa dajin bakin mahaifa, aikin ya iso Jihar Zamfara cikin 2024.

Neman magani bai saɓa wa tawakkali ba. Shi kansa Sarkin Musulmi Bello ya wallafa littattafai a kan ilmin magani. Mu ma nan mun gani da idonmu. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Da aka gano musabbabin, aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa, iyaye suka kai 'ya'yansu magani, sai Allah Ya kuɓutar da dubbai. Cutar dabam ce, amma darasin ɗaya ne.

Don haka muna kira ga limamai su ambaci wannan cuta da sunanta a huɗuba, su kuma tunatar da magidanta cewa hana mace zuwa asibiti alhaki ne. Masu hali kuwa, wanda ke neman sadakar da ladanta zai isa ga mahaifiyarsa da daji ya ɗauke, to ya biya wa wata baiwar Allah kuɗin mota da na gwaji tun kullutun yana ƙarami.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya sa ciwon ya zama kaffara a gare su. Allah Ya ba na kwance lafiya, Ya saka wa 'yan jinya da mafificin alheri, amin.