Ma'adanar SSD: Yaushe kwalliya ke biyan kuɗin sabulu?

Duk wanda ya je sayen kwamfuta a 'yan shekarun nan, ko sabuwa ko ta hannu, da wuya bai gamu da wannan tambaya daga mai shago ba: mai SSD kake so, ko mai faifai?

Galibi amsar kan ta'allaka ne ga abin da ke aljihu, domin idan aka kwatanta ma'adanai biyu masu ɗaukar bayanai daidai wa daida, ta SSD kan ninka ɗaya a farashi, wani lokaci har sau da dama.

To sai dai farashi kaɗai bai isa ya raba gardama ba. Abin dubawa shi ne irin aikin da za a ɗora wa ma'adanar.

Bambancin da ke tsakaninsu

Tsohuwar ma'adana, wadda ake kira HDD, faya-fayai ne da ke juyawa a cikin ƙaramin akwatin ƙarfe, sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, tare da wani ɗan hannu da ke kai-komo yana karanta bayanan da aka rubuta da maganaɗisu.

Kamfanin IBM na Amurka ne ya fara fito da ita a shekarar 1956. Ta farkon tana da faya-fayai 50, amma abin da take ɗauka bai wuce megabait 5 ba, wato kimanin hoto ɗaya ko biyu na wayar zamani.

Ita kuwa SSD babu abin da ke motsi a cikinta. Tana adana bayanai ne a cikin 'yan ƙananan sassan laturoni, irin waɗanda ke cikin memorin waya, fasahar da injiniya Fujio Masuoka ya ƙirƙiro a kamfanin Toshiba na Japan cikin shekarun 1980.

Daga nan ne saurinta ya samo asali. Kafin hannun faifai ya lalubo inda wani bayani yake, yakan ɗauki kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. SSD kan yi haka cikin lokacin da ya gaza wannan kusan sau ɗari.

Da yake tayar da kwamfuta ko buɗe manhaja na buƙatar tattaro dubban ƙananan bayanai daga wurare daban-daban, wannan ɗan jinkiri ne ke taruwa ya zama mintunan da mutum ke zaune yana jira.

Yadda farashi ya sauya

A shekarar 1991, kamfanin da daga baya ya zama SanDisk ya sayar da SSD mai megabait 20 a kan kimanin dala dubu ɗaya.

Ko a 2008, lokacin da Apple ya fito da kwamfutar MacBook Air, sai mai saye ya ƙara dala 999 kafin a sa masa SSD mai gigabait 64 a madadin faifai mai gigabait 80.

Tun daga lokacin farashin ya yi ƙasa ƙwarai, amma ba a kullum yake sauka ba. Ya faɗi warwas a 2023 saboda kaya sun yi yawa a kasuwa, kana ya yi tashin gwauron zabi a ƙarshen 2025, sakamakon rububin da manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suka yi a kan sassan da ake haɗa ta da su.

Shi ma faifai bai tsira daga irin wannan ba. Ambaliyar ruwan da ta shafi masana'antu a ƙasar Thailand a 2011 ta sa farashinsa ya hau a duk faɗin duniya.

Inda ta ci kuɗinta

Inda SSD ta fi amfani shi ne wurin da babbar manhajar kwamfuta da manhajojin aikin yau da kullum ke zaune.

Kwamfutocin hannu na biyu da ake sayarwa a kasuwanni irin su Farm Centre a Kano da Computer Village a Ikeja, da yawansu injinsu lafiya lau yake, faifan ne ke jan ƙafa. Sauya shi da SSD mai gigabait 256 ko 512 kan farfaɗo da kwamfutar, a kan kuɗin da bai kama ƙafar na sayen wata ba.

Haka nan ga ɗalibi ko ɗan kasuwan da ke yawo da kwamfutarsa a jaka. Faɗuwa ɗaya a lokacin da faifai ke juyawa na iya sa hannun ya karce shi, aikin shekaru ya salwanta. SSD ta fi jure jijjiga, kuma ba ta cika shan batir ba, abin da ke da muhimmanci a inda wutar lantarki ba ta da tabbas.

Amma akwai iyaka. SSD mai amfani da mahaɗin SATA na kwafar kimanin megabait 550 a daƙiƙa, yayin da nau'in NVMe kan kai 3,500 ko 7,000, har ma fiye. Mai tace bidiyo zai ga bambancin, amma mai rubutu da shiga intanet da wuya ya lura. Kuma tsofaffin kwamfutoci da dama ba su da gurbin NVMe, don haka sai a bincika kafin a saya.

Inda faifai ya fi

Hausawa kan ce da tsohuwar zuma ake magani. Wanda ke son tara fina-finai, ko karatuttukan malamai, ko hotunan biki na shekaru masu yawa, girman ma'adana yake buƙata, ba sauri ba. A nan faifai ya fi araha nesa ba kusa ba, shi ya sa manyan rumbunan bayanai na duniya ke ci gaba da sayensa daga kamfanonin Seagate da Western Digital da Toshiba.

Haka abin yake ga kyamarorin tsaro da ke naɗar hoto dare da rana, domin kowace SSD na da iyakar abin da za a iya rubutawa a kanta.

Wannan iyaka ba abin damuwa ba ce ga mai aikin ofis. Alal misali, Samsung ya ba da tabbacin rubuta terabait 600 a kan samfurin 870 EVO mai terabait ɗaya. Wanda ke rubuta gigabait 20 a kullum sai ya shekara fiye da 80 kafin ya cinye wannan adadi.

Sai dai SSD da aka jefa a akwati shekara da shekaru ba tare da an jona ta ba, tana iya fara zubar da bayanai, musamman idan ta tsufa, kuma zafi na ƙara gaggauta hakan.

Hattara da jabu

Akwai ma'adanan bogi da ake rubuta musu terabait da yawa a kan farashi mai rahusa, alhali ɗan ƙaramin memori ne a ciki. Araha dai ba ta ado.

Idan ta hannu ce, manhajar kyauta irin CrystalDiskInfo na nuna sa'o'in da ta yi tana aiki da kuma lafiyar da ta rage mata.

Wani abin lura kuma shi ne, faifai kan yi ƙara ko tsaiko kafin ya mutu, amma SSD kan ɗauke ne farat ɗaya, kuma ceto bayanai daga cikinta na da wuya da tsada.

Saboda haka, wanda kuɗinsa ba su da yawa zai fi cin riba idan ya sayi ƙaramar SSD ta aiki, ya kuma ware sauran kuɗin ga faifan waje da zai riƙa ajiye kwafi na biyu na duk abin da ba zai so ya rasa ba.