MAGARYA DA DUNGAS: INA ƳAƳANMU MASU AIKIN LABO?

Duk shekara, idan hunturu ya kama kuma iska ta fara ɗauko ƙura daga gabas, hankalin iyaye a kudancin jihar Damagaram yakan tashi, domin lokacin sanƙarau ya zo. Idan kuma damina ta yi nisa, sai zazzaɓin cizon sauro da tamowa su cika gadajen likita da yara. A waɗannan lokuta biyu, akwai wani ma'aikaci da jama'a ba su cika ganinsa ba, alhali da yawa daga cikin maganin da ake ba mara lafiya sai da amsarsa ake bayarwa. Shi ne ma'aikacin labo, mai gwajin jini da sauran ruwan jiki.

Darasin da sanƙarau ya bari

Masu karatu ba su manta da shekarar 1995 ba, lokacin da sanƙarau ya kwantar da dubun dubatar mutane a Nijar, ko 1996 da ya yi ɓarna a Kano da sauran arewacin Najeriya. Ƙwayar da ta fi yin kisa a wancan zamani ita ce wadda masana suke kira nau'in A. Daga shekarar 2010 aka fara yi wa jama'a allurar MenAfriVac a Nijar da Mali da Burkina Faso, nau'in A ya ja da baya ƙwarai. Sai dai a 2015 nau'in C ya ɓulla da ƙarfi a ƙasarmu, kuma allurar A ba ta kare mutum daga gare shi.

Wannan nau'in C ne ya sake dawowa yankinmu. Bisa lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, daga farkon watan Nuwamba 2022 zuwa ƙarshen Janairu 2023, mutum 559 suka kamu a jihar Damagaram, 18 suka rasu. Gundumar Dungas ce ta fi jin jiki, da mutum 342. Daga cikin dukan waɗanda suka kamu, 111 ne aka tabbatar da cutarsu ta hanyar gwajin labo, kuma 104 daga cikinsu nau'in C ne.

Wannan gwaji shi ne ke faɗa wa hukuma irin allurar da za ta nema. In an yi kuskuren nau'i, an yi asarar kuɗi da lokaci, yara kuma suna ci gaba da mutuwa. Ko da yake a 2024 an samu sabuwar allura mai kare mutum daga nau'i biyar, wadda Najeriya ta fara amfani da ita, Nijar ta bi baya, aikin gwaji bai ƙare ba, domin akwai wasu ƙwayoyi dabam da ke kawo sanƙarau waɗanda allurar ba ta shafa ba.

Daga gadon mara lafiya zuwa Yamai

Ga yadda aikin yake tafiya. Likita ko ƙwararren ma'aikaci yana zuƙo ɗan ruwa daga gadon bayan mara lafiya. Mai aikin labo ya duba launinsa, ko garau yake ko ya yi duhu-duhu kamar ruwan shinkafa. Ya shafa ɗigo a kan gilashi, ya rina shi, ya sa a madubin likita mai ƙara girman abu, ya ga siffar ƙwayoyin. Sauran ruwan kuma ya zuba a kwalba ta musamman da ke raya ƙwayar a kan hanya, ya rubuta suna da gari da rana, a aika. Tafiya ce mai nisa: kusan kilomita 90 daga Magarya zuwa Damagaram, sannan wajen kilomita 900 zuwa Yamai, inda cibiyar CERMES take binciken asalin ƙwayar da na'urar da ake kira PCR.

Ƙwayar sanƙarau ba ta da juriya a wajen jikin mutum. In an bar ruwan ya daɗe a ajiye, ko an taɓa shi da hannu mara tsabta, ko an rubuta lamba ba daidai ba, duk ilimin masanan Yamai ba zai gyara ɓarnar ba. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ingancin amsar da za ta fito daga babban birni tun a teburin labon gunduma ake ƙulla shi.

Aikin bai tsaya ga sanƙarau ba. Tun 2005 ƙungiyar likitocin MSF ta soma aiki a Magarya, kuma sashen yara na likitar garin ya yi suna saboda ɗaruruwan yaran da ake kwantarwa a tsakiyar damina. Da yawansu zazzaɓi ya shanye musu jini, sai an yi musu ƙari. Kafin a ɗaura leda ɗaya, tilas a san rukunin jinin mai bayarwa da na mai karɓa, a kuma tabbatar babu sida, babu ciwon hanta na B da C, babu tunjere. Haka nan gwajin majina don tarin fuka, da gwajin emasi ga masu shirin aure, da na sukari ga dattawa. A 2023 kuma cutar maƙarau ta ɓulla a wajen Matamai, aka sake neman masu iya ɗaukar samfuri daga maƙogwaro.

Ina ake koyon wannan sana'a?

Ƙidayar 2012 ta nuna mutanen Magarya da Dungas, waɗanda gunduma ɗaya suke kafin a raba su a 2011, sun haura 900.000, kuma sun ƙaru sosai tun daga nan. Amma yaron da ya samu BEPC ko BAC a nan, in yana son aikin labo, sai ya bar gida. Makarantar ENSP ta Yamai ta daɗe tana horar da masu wannan aiki. A Damagaram akwai ENSP mai fitar da masu jinya da ungozoma, akwai jami'ar André Salifou mai sashen ilimin lafiya, akwai kuma makarantu masu zaman kansu. A tsallaken iyaka, makarantun fasahar lafiya irin na Jahun a Jigawa da Kankiya a Katsina suna jan wasu ƴaƴanmu, sai dai da turancin Ingilishi ake karatun, kuma in sun dawo sai sun bi hanyar neman a amince da takardarsu.

Karatu a nesa yana da tsada. Bayan kuɗin makaranta akwai na haya da abinci da mota. Manomin gero da riɗi ba kasafai yake iya ɗaukar nauyin shekara uku a birni ba, kuma iyaye da yawa ba sa sakin ɗiya mace ta tafi inda ba su da dangi. Wanda ya samu ya gama kuma, sau da yawa birnin ke riƙe shi.

A Amurka akwai wani tsari da ya kamata mu duba. Suna da ƙananan makarantun gaba da sakandare a kusan kowane yanki, inda ake karatun shekara biyu da kuɗi kaɗan, ɗalibi yana kwana gidansu. A cikinsu ake horar da masu aikin labo na likita da na masana'antun magani. Abin da ake koya musu aikin hannu ne: awon ruwa daidai da ƙaramin bututu, haɗa sinadari, kashe ƙwayoyin cuta a jikin kayan aiki, raya ƙwaya a faranti, da rubuta duk abin da aka yi a littafi ba tare da gogewa ba. Wani ɓangare na karatun a aji, wani a wurin aiki.

Abin da za mu iya

Ba mu da arzikin Amurka, amma muna da abin da makarantar irin wannan ta fi buƙata, wato likita mai cike da aiki. Maimakon gina sabuwar makaranta daga tushe, ana iya buɗe reshen ENSP ko na jami'a a Magarya, malamai su riƙa zuwa daga Damagaram, ɗalibai su yi aikin koyo a labon gunduma da manyan cibiyoyin lafiya na Dungas da Banɗe da Wacha. Sharaɗi shi ne jarrabawa ta zama ta ƙasa, takarda kuma ta gwamnati. Makarantar da ke ba da takarda ba tare da ɗalibi ya riƙe madubin likita da hannunsa ba, haɗari take sayar wa jama'a.

A nan ƴan kasuwa suna da rawar takawa. Alhazan da ke gina masallatai da rijiyoyi, Allah ya saka musu, suna iya ɗaukar nauyin karatun yaro ɗaya ko biyu, da alkawarin zai yi wa yankinsa aiki na wasu shekaru. Suna iya sayen madubi, ko firji mai aiki da hasken rana, tun da wuta ba ta da tabbas, kuma jini da sinadaran gwaji ba sa jure zafi. Ribar ba ta lada kaɗai ba ce. Hannun da ya iya gwajin jini zai iya koyon gwajin gyaɗa don gubar da ruɓewa ke sa mata, wadda ke hana kaya shiga kasuwannin Turai, ko gwajin ruwan leda, ko na cututtukan dabbobin da ake kai wa kasuwar Maigatari.

Ma'aikatan gwamnati kuma, musamman na lafiya da na ilimi da masu riƙe da gundumomi, nasu shi ne su sa maganar cikin kasafi, su kuma tanadi gurbin aiki. Horar da yaro shekara uku sannan a bar shi yana aikin sa kai babu albashi, kamar shuka ne a gonar wani.

Ga ƴan makaranta, maza da mata, masu son lissafi da ilimin halitta, ga sana'a mai mutunci da ba ta rasa mai nema. Hunturu zai sake zagayowa. Fatanmu shi ne, ranar da za a kawo yaro mai sanƙararren wuya daga wani ƙauyen Dungas, wanda zai karɓi kwalbar ya zama ɗan yankin ne, mai jin maganar uwar yaron, wanda ya san aikinsa. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.