Ƙaramin Akwatin Kifin Teku a Gida: Ruwa Ake Fara Reno Kafin Kifi

Akwatin gilashin da ake zuba wa ruwan gishiri domin kiwon kifaye da sauran halittun teku a cikin gida, wanda ake kira akwariyam, ya bunƙasa ne a Ingila a tsakiyar ƙarni na 19, lokacin da gidan namun dajin Landan ya buɗe wa jama'a ɗakin kifayensa a 1853, sannan masanin halittu Philip Henry Gosse ya wallafa littafi a 1854 wanda ya yaɗa sunan da kuma sha'awar abin. Yawancin masu farawa a yau sukan zaɓi ƙaramin akwati, mai cin lita 40 zuwa 100, bisa tunanin cewa zai fi sauƙin kulawa, alhali kuwa ƙarancin ruwan shi ne babbar matsalarsa, domin duk wani kuskure yana bayyana cikin sauri a ruwa kaɗan, kuma halittun teku sun taso ne a wurin da yanayin ruwa ba ya sauyawa sai a hankali.

Kowane kilo ɗaya na ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35, amma wannan gishiri ba irin na miya ba ne kawai, tunda akwai magnisiyam da kalsiyam da fotasiyam da wasu ma'adinai a haɗe da shi, kuma da kalsiyam ɗin ne murjani da dodon koɗi suke gina ƙwaryarsu. Saboda haka gishirin girki ba ya biyan buƙata, sai haɗaɗɗen gishirin da aka sarrafa musamman domin wannan aiki, wanda ake narkar da shi a wani mazubi na daban cikin ruwan da aka tace sosai. Ruwan famfo yakan zo da kulorin mai kashe kifi, wani lokaci ma da ɓurɓushin jan ƙarfe, wanda ɗan kaɗan daga cikinsa ya isa ya halaka jatan lande da murjani. Ana auna ƙarfin gishirin da wata na'ura da ake kira rifiraktomita, kuma ma'aunin da ake nema yana tsakanin 1.023 da 1.026, wato nauyin ruwan idan aka kwatanta shi da na tsabtataccen ruwa.

Wani abu da masu farawa ke yawan tuntuɓe a kansa shi ne ƙafewar ruwa. Ruwa yana tashi ya bi iska amma gishiri yana nan inda yake, don haka akwati mai lita 60 da ya rasa lita 3 gishirinsa zai tashi daga giram 35 zuwa kusan 37 a kowane kilo, kuma wanda ya cike giɓin da ruwan gishiri ya ƙara dagula lamarin. Ruwan daɗi tatacce ake cikewa da shi kullum. Ruwan gishiri kuwa sai lokacin canji, inda ake kwashe kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari duk mako ɗaya ko biyu a mayar da sabo.

Aiki mafi muhimmanci, kuma wanda ya fi gwada haƙurin mai akwatin, yana faruwa ne ba tare da ido ya gani ba. Kifi yana fitar da amoniya ta sassan numfashinsa, ragowar abinci ma idan ya ruɓe amoniya yake zama, kuma wannan sinadari guba ne wanda illarsa ta fi tsanani a ruwan teku, saboda irin wannan ruwa ya karkata zuwa ɓangaren kanwa fiye da na tsami, ma'auninsa na pH yana kusa da 8.2. Wasu ƙwayoyin bakteriya ne ke mayar da amoniya zuwa nitirit, wanda shi ma yana da illa, wasu kuma su mayar da nitirit zuwa nitiret, mai sauƙin lahani, wanda canjin ruwa ke rage shi. Waɗannan ƙwayoyi suna zama ne a jikin yashi da duwatsu masu ƙananan ramuka, shi ya sa ake daraja abin da ake kira rayayyen dutse, wato dutsen da ya riga ya ɗauki bakteriya da ƙananan halittu. Kafin su yawaita har su iya ɗaukar nauyin kifi akan ɗauki mako huɗu zuwa shida, ana sa musu ɗan amoniya ko ɗan abinci ana kuma gwada ruwan, kuma ba a sa kifi sai gwaji ya nuna amoniya da nitirit sun koma sifili. Akwatin da ke haskakawa tas a rana ta uku yana iya zama cike da guba, kuma sa kifi a ciki domin ya gaggauta aikin, kamar yadda aka saba yi a da, zalunci ne ga dabba da ba shi da wani uzuri a yau.

Kifayen da ke zama a cikin murjani suna buƙatar ɗumin ruwa na digiri 24 zuwa 26 a ma'aunin Salshiyas. Littattafan da aka rubuta a Turai da Amurka sukan fi magana kan na'urar ɗumama ruwa, amma ga mai zama a Kano ko Maraɗi, inda zafin bazara ke wuce digiri 40, sanyaya ruwan ne abin damuwa, ga kuma busasshiyar iskar hunturu da ke ƙara saurin ƙafewa. Ɗaukewar wutar lantarki ta fi duka haɗari, domin ruwan gishiri ba ya riƙe iskar oksijin kamar ruwan daɗi, ruwa mai zafi kuma ya fi ƙarancinta, don haka idan injin motsa ruwa ya tsaya na wasu sa'o'i kifi da bakteriya duk suna iya shaƙewa. Batir ko sola na daga cikin kayan farko da ya kamata a tanada, tun kafin a yi zancen fitila mai launi.

Game da zaɓen kifi, wanda ya fi dacewa da mai farawa shi ne Amphiprion ocellaris, ɗan ƙaramin kifi mai launin ruwan goro da fararen zane uku, wanda fim ɗin Finding Nemo na 2003 ya sa duniya ta san shi. Ana hayayyafa shi a gonakin kifi da yawa, yana da juriya, kuma biyu sun isa ƙaramin akwati. Dukkansu maza ake ƙyanƙyashe su, sai wanda ya fi girma ya rikiɗe ya zama mace. Shuɗin kifin nan Paracanthurus hepatus, wanda ya fito a fim ɗin tare da shi, yana girma har kusan santimita 30 kuma yana buƙatar fili mai yawa na iyo, saboda haka ba shi da gurbi a akwatin lita 80.

Inda kifin ya fito shi ma abin tambaya ne, domin har yanzu yawancin nau'o'in kifin teku da ake sayarwa daga teku ake kamo su, galibi a Indonesiya da Filifin, inda wasu masunta ke fesa gubar sayanaid a cikin murjani don kifi ya suma a kama shi, abin da ke kashe murjanin kuma yake sa kifin ya mutu daga baya a hannun mai saye. Sakin kifin da aka gaji da shi cikin teku ma yana da nasa sakamakon: kifin zaki mai ƙayoyin dafi, ɗan asalin tekun Indiya da Fasifik, an fara ganinsa a gaɓar Fulorida a 1985, masana kuma suna danganta zuwansa da masu akwatunan gida, kuma daga can ya bazu zuwa tekun Karebiyan yana cinye ƙananan kifayen yankin.